Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin masu buƙata ta musamman na ƙasar Zazzau: mu ma manya masu galahanga ku ba mu kujera

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe sarakunan makafi da na guragu da na kutare, shugabannin ƙungiyoyin kurame da na zabiya, iyayenmu mata masu riƙe da ƙungiyoyin iyayen yara masu lalura, da duk wanda ake aika wa takardar gayyata in za a yi taron masu buƙata ta musamman a Zariya da kewaye, tun daga cikin Birni har Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru, Wusasa da Shika. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana.

Ni ɗanku ne, haifaffen Zariya, na haura talatin, ina da iyali, ina da ɗan shagon kwamfuta a wajen Samaru inda nake buga wa ɗalibai furojet da sauran takardu. Kuma ina da lalurar galahanga, wadda likitoci ke ce wa otizim. Na zaɓi in rubuto ne don na san kaina, in na zo na durƙusa a gabanku ana kallona rabin maganar a ciki za ta tsaya, a tashi a ce yaron nan bai san me ya kawo shi ba. Buƙatata guda ce ranku ya daɗe, ku ba mu kujera a cikinku mu manyan da ke da wannan lalura, mu riƙa faɗin damuwarmu da kanmu, sannan a ɗan gyara yadda ake taron ta yadda za mu iya zama a kan kujerar har a tashi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne duk shekara ran 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai kan galahanga, sai ka ga an cika Facebook da hotunan yara an sa musu shuɗiyar riga, an yi jawabi an raba lemo da biskit an watse. Madalla, ba hassada nake da yaran ba, Allah ya raya su. Amma yaro fa girma yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da galahanga, kuma ba zazzaɓi ba ce da za a sha magani ta tafi, mutum da ita zai tsufa. Toh yaran da aka haifa a Kwarbai ko Muciya a 1985 ko 1990, lokacin da ko sunanta ba a ji ba a unguwa, ina suka shiga? Suna nan, mu ne. Sai dai an raɗa mana wasu sunayen, miskili, mai girman kai, gaula, dolo, wanda ba ya shiga mutane, mai taɓin iska, in ma aka ga dama a ce ɗan ƙwaya ne. Wani yana ɗinki a Tudun Wada shekara da shekaru ba ya ɗaga kai, wani yana bin shanu, wani malami ne a jami'a ana cewa ai Dakta haka halinsa yake, wata tana ɗakin miji ana ce mata ba ta da zumunci, wani kuma yana kulle a ɗakin baya maƙwabta ma sun manta da shi. (Kuma don Allah a daina ɗora wa allurar rigakafi, likitan Ingila da ya tayar da wannan ƙurar a 1998 an janye binciken nasa a 2010 an kuma ƙwace masa lasisin aiki.)

Ni ma sai da na girma na sani. Ɗan yayata aka kai wani asibiti don ya kai shekarun magana bai fara ba, na raka su, likitar tana ta jero wa yayata tambayoyi, yana toshe kunne in an tada injin markaɗe? yana ƙin wasu kayan sawa? abinci kala ɗaya yake nacewa? in an sauya masa hanyar da ya saba bi yana birkicewa? Sai yayata ta juyo ta dube ni ta ce likita ai duk halin ƙanina kike lissafowa. Daga nan aka tura ni wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka yi ta tambayoyi har da kiran tsohuwarmu ta ba da labarin ƙuruciyata, aka tabbatar.

Mutane in an ce galahanga rashin magana da rashin kallon ido kawai suke tunawa, amma abin da ya fi wahalar da yawancinmu a kullum shi ne ji da gani da shaƙa da taɓi, kuma tun 2013 kundin DSM-5 da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar ya sa wannan cikin alamomin da ake dubawa. Ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana da rariya, tana tankaɗe ƙarar da ba ta da amfani ta bar wadda ake buƙata, tamu rariyar a yage take, komi tare yake zubowa. In NEPA ta ɗauke wuta a layin shagunanmu, ƙananan janareto su tashi kowanne da irin kukansa, ga hon ɗin Keke Napep, ga mai maganin basir ya kafa lasifika a kan mota, ga injin fotokofi, ga wani yana tauna cingam a bayana, ni duk ƙarfinsu ɗaya a kunnena, sai ɗalibi ya tsaya a gabana yana bayanin gyaran da sufabaizansa ya ce a yi, ina ganin bakinsa yana motsi wallahi amma kalma ɗaya ba ta shiga. In an kawo wutar ma wata sabuwa ce, tsohuwar doguwar fitilar nan mai cok tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya saboda yadda wutar lantarkinmu take juyawa, yawanci ba sa lura, ni kuwa ƙuginta da rawar haskenta kafin azahar sun sa min ciwon kai, da na cire ta na sa ƙwan sola sai aikina ya ninku. Ranar Sallah kowa yana murna da sabuwar shadda mai sitati, ni ji nake wuyan rigar yana yanka ni, sai matata ta wanke ta ta yi laushi tukuna, har ana min tsiya wai maigida ya sa tsohon kaya. Turaren wuta da humra da mata ke ji da su, akwai 'yan'uwanmu da in suka shiga ɗakin amarya sai amai.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wasu jin nasu ƙasa yake yi maimakon sama. Mutum ya wuni bai ji yunwa ko ƙishirwa ba a zafin watan Afrilu sai dai kawai a ga ya faɗi, ko ya ji ciwo mai tsanani ya ce ba komi, a kai shi asibiti a makare, likita ya tambaye shi ina ke maka ciwo ya rasa amsa don shi kansa bai iya tantance wurin ba. Mutum ɗaya ma yana iya haɗa biyun, kunne ya yi masa kaifi, fata kuma ta yi nauyi.

In abin ya taru ya fi ƙarfin mutum, ɗayan biyu ne. Ko dai ya ɗauke ɗif, baki ya rufe, ya kasa amsa ko sallama, ko kuma ya fashe da ihu da kuka yana dukan kansa ko ya ruga a guje. A nan ne ake cewa iskokinsa sun tashi. Ya faru da ni ina saurayi a wani bikin dangi, masu kiɗa sun ƙure sifiku, ana ta guɗa, aka ja ni tsakiyar fili wai sai na yi liƙi, abin da na sani kawai na tsinci kaina a zaure maza sun danne ni hannu da ƙafa, an kawo kasko da garwashi an lulluɓe ni da bargo ana hayaƙi, wani kuma ya sa bakinsa daidai kunnena yana daka wa aljanin tsawa ya faɗi sunansa. Ku duba fa, mutumin da ƙara da taɓi da wari suka kayar, maganin da aka ba shi ƙarin ƙara da ƙarin taɓi da ƙarin wari. Ba na musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su, addu'a kuma ba ta taɓa cutar da kowa ba, kuma na san waɗanda suka danne ni ƙaunata suke yi. Amma abin da nake buƙata ranar ɗaki ne mai duhu da shiru, a ajiye min ruwa, kar a taɓa ni, kar a yi min tambaya, a ba ni lokaci in dawo. In Malam zai yi tofi ya yi a hankali daga bakin ƙofa. Sai dai a kula, farfaɗiya ta fi yawa a cikinmu fiye da sauran jama'a, ita kuma asibiti take so da magani, kar a haɗa ta da wannan birkicewar.

Don kar a ce na zo kushe ne kawai, al'adarmu ta rufa wa wasunmu asiri ta inda Bature bai samu ba. A can ana matsa wa yaro sai ya kalli idon babba, mu nan sunkuyar da kai ladabi ne, ni an daɗe ana yabona da kunya alhali kallon ido ne ke min nauyi. Jijjiga jiki gaba da baya da muke yi don mu samu natsuwa, a makarantar allo ba wanda zai ɗaga kai ya dube ka don kowa yi yake. Carbi a hannu kana ja, ba mai tambayarka. Salloli biyar a kan lokaci suna tsara mana yini yadda muke so. Amma wannan rufin asirin shi ke ɓoye mata, yarinya shiru-shiru mai kawaici kowa so yake, ba wanda zai ce a duba ta, sai an kai ta gidan miji, babban gida mai facaloli da baƙi da biki da suna duk mako, ta riƙa daurewa tana kwaikwayon yadda ake yi har ƙarfinta ya ƙare, sannan a ce ba ta son dangin miji, wata takardar saki ce ke biyo baya.

Wajen gida kuma abin har da hatsari. A shingen jami'an tsaro da dare, an haska maka tocila a ido ana maka tambaya uku a lokaci ɗaya da tsawa, kai kuma bakinka ya ɗauke kana kauda kai kana kaɗa hannu, me kuke zato za a ɗauke ka? A kasuwa in aka yi ihun ɓarawo mutum irinmu ya toshe kunne ya ruga, kun san abin da ke biyo baya a garin nan. A layin asibiti ko banki kuwa da yawa haƙura suke yi su koma gida da ciwonsu.

Ranku ya daɗe ku kuka sha wahalar fafutuka har aka samu dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, ta kuma ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kafa hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Allah ya saka da alheri. Amma in ana maganar gyaran gini, gangaren keken guragu ake tunawa da rubutun makafi da mai fassara wa kurame, duk kuma haƙƙi ne. Mu namu matakalar da ke hana mu shiga ba a ganinta da ido, sifika ce da fitila da cunkoso da intabiyun aiki da za a zaunar da kai gaban mutum biyar a auna ka da iya surutu da murmushi, alhali aikin da ake nema ka fi kowa iya shi in an ba ka ka gwada.

Na taɓa zuwa wani taron masu buƙata ta musamman a wani ɗakin taro a nan garin, da niyyar in yi rajista. An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai wajen sha biyu, kuma ba wanda ya ce ga dalili ko ga lokacin da za a fara, shi kansa wannan rashin sanin me zai faru yana kwance mana lissafi. Janareto a bakin taga, makirfon yana ƙiiii duk bayan minti kaɗan, MC yana cewa a tafa da ƙarfi ban ji ba. Na sa abin toshe kunne, wani dattijo ya zungure ni ya ce cire wannan ana magana kana jin waƙa. A teburin rajista matar ta dube ni sama da ƙasa ta ce kai kuma meye naka, lafiyarka ƙalau, wa ka rako? Aka zo maganar galahanga, wata baiwar Allah mai yaro ta tashi ta yi bayani har da hawaye, gaskiya ta faɗa kuma na tausaya mata, amma duk bayanin a kan wahalar rainonmu ne, ni da abin ke jikina ina waje ƙarƙashin darbejiya ina jiran kaina ya lafa.

Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku shi ne kun riga kowa sanin wannan darasin. Tun kaka da kakanni a ƙasar Hausa makafi suna da Sarkin Makafi kuma makaho ne, guragu suna da nasu, kutare suna da nasu, ba a taɓa ɗauko mai ido an naɗa shi ya yi magana da yawun makafi don yana da ɗa makaho ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A Amurka a 2006 masu galahanga suka kafa ƙungiyar ASAN da su ke jan ragamarta da kansu. Akwai kuma Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jihar Kolorado, mai galahanga ce, ita ta zauna ta bayyana yadda ƙara da taɓi suke a jikinta, likitoci suka ƙaru da ita, kuma wannan kaifin lurar ne ya sa ta gano ƙananan abubuwan da ke firgita shanu a mayanka, inuwa, ƙyallin ruwa, sarƙa mai lilo, ta tsara hanyoyin da ake kora su ba duka. Ba wai dukkanmu haziƙai ba ne, wannan ma wani nauyin ne da ake ɗora mana. Akwai 'yan'uwanmu da ba sa magana sam, akwai masu buƙatar a yi musu wanka a ba su abinci har ƙarshen rayuwa, kuma iyayensu mata su ke ɗauke da wannan kayan, ba wanda zai ture su daga taro. Amma wanda ba ya magana ma yana da ra'ayi, wani yana rubutu a waya, wani yana nuna hoto, wani ture kwanon da ya yi shi ne amsarsa, a dai fara tambayarsa kafin a juya a tambayi mai rakiya.

Abubuwan da muke roƙo ba masu cin kuɗi ba ne. A turo ajandar taro a rubuce ta WhatsApp kwana biyu kafin ranar, a faɗi lokacin farawa na gaskiya, a matsar da janareto bayan gini, a rage sifika, a bar mana kujerun gefe kusa da ƙofa, a ware ɗaki ɗaya ko da ofishin maigadi ne inda mutum zai shiga ya huta ya dawo ba tare da an bi shi da lafiya lafiya ba. Wanda ya sa abin toshe kunne ko baƙin gilashi a ƙyale shi, da shi ne yake iya jin ku. Wanda ya rubuto tambayarsa a takarda a karanta ta kamar yadda ake sauraron wanda ya karɓi makirfon. A Ingila kantunan Morrisons tun 2018 suka ware awa guda da safiyar Asabar suna rage fitila suna kashe kiɗa, filin jirgin Gatwick kuma a 2016 ya fito da wata igiyar wuya mai zanen fure da ke nuna mutum yana da lalurar da ba a gani. Mu ma in ƙungiya ta tsaya mana za a iya yin ɗan kati da Hausa da Turanci mai hatiminku, a rubuta ina da galahanga, ina iya kasa magana in na ruɗe, a yi min magana a hankali, ga lambar ɗan'uwana, sannan ku da ake jin maganarku ku kai shi ofisoshin 'yan sanda da 'yan sintiri da asibitoci da shugabannin kasuwa su san shi. Mai so ya riƙe, wanda ba ya son a sani kuma kar a tilasta masa, don har yanzu akwai gidan da za a fasa ba ka mata in aka ji.

Ku kuma kai mana gaisuwa wajen malamanmu limamai. Da yawanmu muna son sahun gaba amma sifikar cikin masallaci in an ƙure ta a ƙaramin ɗaki sai mutum ya koma sallah a waje ko a gida, a ce ya daina jam'i. In an ɗan rage ta cikin an bar ta wajen, ko aka yi huɗuba guda aka faɗa wa jama'a cewa mai auduga a kunne ba raini yake yi ba, ya wadatar.

Sai abu na ƙarshe, wurin haɗuwa. Mu kaɗan ne muka san juna, yawanci ta waya, kuma akwai abubuwan da sai ɗan'uwanka ne zai koya maka, yadda za ka ce wa maigidanka a wurin aiki ya rubuto maka umarni maimakon ya faɗa a tsaitsaye, yadda za ka ce wa surukai za ka zo ɗaurin aure amma ba za ka tsaya dina ba kuma ba gaba ba ce, yadda za ka gane alamun kanka tun kafin ka kai ga faɗuwa, yadda za ka ce wa likita ya faɗa maka kafin ya taɓa ka. In ɗaya daga cikin ƙungiyoyinku za ta ara mana ɗaki sau ɗaya a wata, da safe kafin gari ya ɗau hayaniya, mu za mu share mu kawo tabarmarmu, kuma daga cikinmu za mu fitar da mutum biyu, mace da namiji, da za su riƙa zama a taronku.

In za ku amsa, don Allah a rubuto amsar a nan inda kuka ga wasiƙar, kar a ce in kira waya, zan gani kuma zan isar wa sauran.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya bar zumunci.

Naku,
Wani ɗanku mai galahanga, daga Samarun Zariya.